Darasi daga Rigar Sallah: Kimiyya, Injiniyanci da Kasuwanci



Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta matso, tambaya guda ce ke yawo a bakin ƴan ajin ƙarshe: in na ci, wane fanni zan bi? Da yawa sukan ce sai sun samu BAC tukuna su yi wannan tunani. To, nan kuskuren yake, domin ƙofar jami'a tun daga ajin farko na lise ake buɗe ta ko a rufe ta. Don mu fahimci haka, mu ɗauki abin da kowa ya sani, wato rigar da ka sa ranar Sallah ko hijabin da kika sa. Kafin tufar nan ta hau jikinka sai da ta bi ta hannun masu ilimi iri uku. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: mai ilimin kimiyya

Wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga abin mamaki. Marini zai tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, ya fiddo shi kore-kore, kafin ka ƙifta ido sau kaɗan ya rikiɗe ya koma shuɗi. Me ya faru? Shunin baba ba ya narkewa cikin ruwa haka kawai. Shi ya sa marina ke haɗa shi da toka, su bar shi kwanaki cikin rami har ya ruɓa. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke sauya shunin ya zama mai narkewa, ya samu shiga cikin zare. Da an fiddo ƙyallen iska ta buge shi, sai shunin ya koma yadda yake da farko, ya maƙale cikin zaren, ruwa ba ya iya fitar da shi da sauƙi. Kakanninmu sun iya wannan aiki da hannu shekaru aru-aru. Darasin shimi, wato ilimin haɗa sinadarai, shi ke bayyana dalilinsa.

Sanin dalilin nan ne ya juya kasuwar duniya. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 18, William Perkin, ya haɗa launin rini na farko a ɗakin gwaji. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba daga ganyen baba ba. Cikin ƴan shekaru noman baba na ƙasar Indiya ya durƙushe. Haka kuma yadin foliyesta da ake ɗinka yawancin hijabai da shi yau, asalinsa man fetur ne, kuma a Ingila aka ƙirƙiro zarensa a 1941. Mai son irin wannan aiki zai karanta shimi, ko fizik, ko ilimin noma idan auduga ce ke ransa.

Na biyu: injiniya

Ka leƙa ƙarƙashin keken ɗinkin telan unguwarku. Za ka tarar zare biyu ne ke aiki, na sama da ke cikin allura da na ƙasa da ke naɗe a ɗan gidansa. Allura na sauka da zaren sama, wani ɗan ƙugiya ya kamo shi ya zagaya da shi bayan zaren ƙasa, su sarƙe a tsakiyar yadi. Wannan ya maimaitu sau ɗaruruwa cikin minti guda ba tare da kuskure ba. Wanda ya auna ƙarfen nan, ya lissafa juyawarsa, shi ne injiniya. Haka injin gurzar auduga, da na kaɗin zare, da na saƙa, da wutar da ke tafiyar da su duka.

Ga abin da ya kamata ya dame mu. Maƙwabtanmu Benin da Mali da Burkina Faso suna cikin manyan masu noman auduga a Afirka, amma mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita zuwa ƙasashen waje. Can ake kaɗa ta, a saƙa, a rina, sannan a dawo mana da ita da tsada. Shaddar gezna da muke alfahari da ita daga Ostiriya take zuwa, atamfa mai tsada kuma daga Holan. Ladan aikin da ke tsakanin gona da kanti, wasu ke cinye shi.

Kuma kada wani ya ce wannan ilimi ba namu ba ne. Abdou Moumouni Dioffo, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin fizik ne, ya shafe rayuwarsa yana bincike kan amfani da hasken rana. Telan da ke zaune jugum saboda an ɗauke wuta ana saura kwana uku Sallah, ai shi ya fi kowa sanin darajar wannan bincike.

Na uku: mai ilimin kasuwanci

Yawancinmu idan aka ce karatun kayan sawa, zane da ɗinki kawai ke faɗo mana. Alhali akwai fanni guda na kasuwancin tufafi, inda ake koyon fitar da farashi, sayen yadi, tsara lokacin aiki, talla, da dokokin shigo da kaya da fitar da su. Mu yi ɗan lissafi. A ce wata yarinya ta ɗinka hijabi 20. Kowane ɗaya ya ci yadi na sefa 2,000, zare da roba na 200, ladan ɗinki 500, rabonsa na haya da wuta 300. Kenan kowane hijabi ya tsaya mata a 3,000, jimilla 60,000. Ta sa masa kuɗi 3,500. Idan yadi kaɗai ta lissafa, za ta ɗauka ribarta 1,500 ce a kowane ɗaya, alhali 500 ce. Idan ta sayar da 18, ta karɓi 63,000, riba 3,000 kacal. Idan 17 ta sayar, ta karɓi 59,500, ta faɗi da 500. Kun ga hijabi guda ne ya raba riba da asara. Shaguna nawa ne suka rufe a garinku, ba don ɗinkin ba shi da kyau ba, sai don babu mai riƙe littafin shiga da fita?

Wannan sana'a tana iya kai mutum nesa. Alphadi, ɗan Nijar mai zanen tufafi, ya kafa bikin FIMA na nuna tufafin Afirka a 1998, aka yi na farko cikin hamada a yankin Agadas, kuma sunan Nijar ya zagaya duniya ta dalilinsa.

Ina ake karanta su?

Kimiyya zalla ana karanta ta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da sauransu. Aikin injiniya akwai makarantar EMIG a Yamai, wadda ake shiga da jarrabawa. Tattalin arziki da sarrafa harkokin kasuwanci akwai su a Yamai da Jami'ar Tawa. Mai son fannin saƙa da yadi kai tsaye, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi a Gana suna koyar da shi, sai dai da Ingilishi. A tsarinmu digirin farko, wato lisansi, shekara 3 ne, masta kuma shekara 2.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sassan kimiyya da na injiniyanci BAC na seri C ko D ko na fasaha suke nema. Wanda ya gudu daga lissafi ya shiga seri A, ba don yana son adabi ba sai don tsoro, ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofi tun yana ɗan shekara 16. Seri A hanya ce mai daraja ga wanda ya zaɓe ta da saninsa. Abin da muke gudu shi ne a zaɓe ta a makance.

Kuma mu ƴan madarasa ba mu da hujjar tsoron lissafi. Wanda ya iya raba gado, ya san rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, ai ya riga ya shiga lissafi da ƙafar dama. Al-Khawarizmi, wanda ya yi zamani a Bagadaza sama da shekara 1,100 da suka wuce, daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta fito, kuma kaso babba na littafin mas'alolin gado da wasiyya ne.

Aikin gida

1. Ka je wurin tela ko marini, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya nuna maka aikinsa. Ka rubuta abu uku da ka gani waɗanda ba ka san dalilinsu ba, ka kai wa malamin fizik da shimi.
2. A lissafin hijabin nan, idan yadi ya tashi zuwa 2,300, nawa za ta sa wa kowane ɗaya don ribar 500 ta tsaya?
3. Kafin hutu, ka zauna da mahaifanka da malaminka ku yi maganar serin da za ka shiga. Ƙanwata, ke ma haka, kada ki bari a yanke miki ba ki ce komai ba.