Takobi: Asalin Kalmar da Ma'anarta a Maganar Allah

Kalmar da za mu duba a darasin wannan wata ita ce takobi. Duk mutumin Karaye ko Rogo ya san shi, ko da a ranar hawan salla ne, sa'ad da mahaya suke fitowa da shi rataye da hamila a kafaɗa. Dogon ƙarfe ne miƙaƙƙe mai kaifi ta gefe biyu, ana ajiye shi cikin kube. Jam'insa takubba, wani sunansa kuma kansakali.

Masana harshe suna danganta kalmar da harshen Abzinawa, waɗanda suke kiran nasu takoba. A wurinsu "ta" ta farkon suna alamar mace ce, amma da kalmar ta zauna a bakin Bahaushe sai ta koma namiji. Shi kansa ƙarfen sau da yawa baƙo ne. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus, masu sana'a na Kano su yi musu ƙota da kube.

A maganarmu ta kullum, idan aka ce wane ya lashi takobi, ana nufin ya yi alwashin da ba zai janye ba, kamar wanda ya ɗora harshe a kan kaifi, ya yarda ya yanke shi in ya saɓa. Abin baƙin ciki, sau da yawa a kan ramuwa ake lasarsa, saboda iyakar gona ko rabon gādo. Mukan kuma yabi mutum mu ce kaifi ɗaya ne, wato ba ya magana biyu.

To, a nan ne wasu suke tuntuɓe. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 4:12 ta kwatanta Maganar Allah da takobi mai kaifi biyu. Shin Allah yana magana biyu ke nan? Ko kaɗan. Abin nufi shi ne ba ta da gefen da ba ya yanka. Tana ratsa zuciyar mai ji, tana kuma ratsa ta mai karantawa a gaban jama'a, ko katakis ne ko Fada. Wanda ya zaro aya domin ya sari maƙwabcinsa, ɗaya kaifin yana fuskantarsa.

Haka za mu fahimci Matiyu 10:34, inda Ubangiji ya ambaci takobi. Ba izinin faɗa ya ba mu ba. Yana faɗakarwa ne a kan rabuwar da takan shiga gida sa'ad da ɗa ya karɓi baftisma, uba bai yarda ba. Gidaje da yawa a ƙauyukanmu sun ɗanɗana wannan, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Amma a daren da aka kama Yesu, da Bitrus ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, nan take aka umarce shi ya mai da takobin kube. Wanda Bulus Manzo ya bar mana a Afisawa 6:17 na Ruhu ne. Da takobi aka fille kansa a Roma, shi ya sa ake zana shi riƙe da shi.

Akwai kuma wanda tsoho Saminu ya faɗa wa Budurwa Maryamu a Haikali, cewa zai soki ranta (Luka 2:35). A harshen Helenanci kalmar da Luka ya zaɓa tana nufin babban takobi, ba gajeren da Bitrus ya zare ba. Ya soke ta a gindin gicciye, hannunta wofi. Ikilisiya tana tunawa da wannan baƙin ciki nata kowace ranar 15 ga Satumba.