Wa Ya Fi Ƙarfi, Ɗan Kokowa ko Ɗan Gudu?

Da kaka, in hatsi ya shiga rumbu, ganga takan tashi a garuruwan Ƙonni, Malbaza da Illela. Samari su ɗaura ɗamara su shiga fili. A nan jihar Tawa aka fara kokowar takobin ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yanzu jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10. Shi ya sa in aka ce ƙarfi, ɗan kokowa muke fara tunawa.

Amma ƙarfi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na damtse da ƙugu, wanda ake ɗaga ƙato da shi. Akwai sauri. Usain Bolt na Jamaika ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. Akwai kuma juriya, wato aikin zuciya da huhu. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da ɗoriya, ya fi nisan Ƙonni zuwa Malbaza. Gwanayen Kenya da Habasha sukan gama shi cikin awa 2 da ƴan mintoci, ga su sirara, ɗan kokowa zai ɗaga ɗayansu ba wahala. Amma a sa shi ya bi su, tun kafin a yi nisa zai tsaya yana haki. Babban ɗan ƙwallo yana tsakiya, yakan yi gudun wajen kilomita 10 cikin minti 90.

Ni dai juriya na fi ba muhimmanci. Ku lura da kokowar da ta daɗe ba kaye. Ba mai ƙaramin jiki ke faɗuwa kullum ba, wanda numfashinsa ya fara ƙarewa shi ke sakin hannu, ƙafarsa ta yi sanyi. Don haka ɗan kokowa mai hankali yakan fita gudu da asuba, ba ya dogara ga cin nama da fura kaɗai. Manomin da zai wuni riƙe da hauya, da mace mai jan ruwa a rijiya, su ma wannan ƙarfin suke bukata.

Kowa zai iya auna nasa. Da safe, kafin aiki, ɗora yatsu 2 a wuyan hannunka, ta wajen babban yatsa. Ƙirga bugun jini na minti 1. Na babban mutum mai lafiya yakan kama daga 60 zuwa 100. Na mai dogon gudu yakan sauka ƙasa da 60, domin zuciyarsa tana tura jini da yawa a bugu guda.

Mai son ƙara juriya ya fara da tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, da sassafe ko bayan la'asar, ya sha ruwa sosai. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya, ya tafi asibiti a duba shi.