Rubuta Ranar, Ki Ajiye Takardar

Karatu: 2 Korantiyawa 11:23-27

Wannan darasi ya shafi 'yar'uwar da ake duka a gidan aurenta, da waɗanda take kai wa kuka. A Agege, inda iyalai da yawa suke haya ɗaki-ɗaki a gida guda, maƙwabta sukan ji ihu ta bango. Amma ranar da magana ta kai gaban hukuma, sai kowa ya ce bai ga komai ba. Iyayenta kuwa suna can Arewa. Abin da zai tsaya mata a ranar nan shi ne abin da ta rubuta ta ajiye.

Waɗansu sukan kawo 1 Korantiyawa 13:5, su ce mai bi ba ya lissafin laifin da aka yi masa. Ayar tana magana ne a kan ƙullaci a zuciya. Manzo Bulus ɗin da ya rubuta ta, shi ne ya ƙidaya dukan da ya sha: sau biyar bulala 39, sau uku da sanduna, sau ɗaya jifa. A Filibi ma, da aka doke shi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16). Mace tana iya gafartawa, ta kuma rubuta abin da ya faru.

To, me za ki rubuta? Kwanan wata, lokaci da wuri. Abin da aka faɗa da abin da aka yi, da abin da aka doke ki da shi, da wanda ya gani ko ya ji. Ki rubuta a ranar, da Hausarki, ba ƙari ba ragi, gama ƙarin gishiri sau ɗaya yakan sa a yi shakkar sauran. Wadda ba ta iya rubutu ba, ta faɗa wa wadda ta amince da ita ta rubuta mata. Hana kuɗin cefane, kulle ƙofa da barazanar kisa, duk su shiga littafin.

Idan kin ji rauni, ki tafi asibiti, kamar Babban Asibitin Orile-Agege, kada ki tsaya a kemis. Ki gaya wa likita gaskiya. "Faɗuwa na yi a bayi" da mata suka saba faɗi, ita ce za ta zauna a fayil, wata rana ta zama shaida a kanki. Ki ajiye katin asibiti da rasit, ki ɗauki hoton raunin, kada ki goge saƙonnin waya. Dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar irin waɗannan.

Wurin ajiya yana da haɗari. Littafin da miji ya samu a ƙarƙashin katifa yana iya jawo duka mafi muni. Ki kai shi wurin amintacciya, tare da takardar aure, takardun haihuwar yara da katin shaidarki. Idan rai yana cikin haɗari, ki fita da yara ko ba takarda ko ɗaya.

Tun 2007 Jihar Legas tana da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida, wadda ta ba kotu ikon hana mai duka kusantarki. A 2021 jihar ta kafa hukumar DSVA domin wannan aiki. Cibiyar Mirabel kuma, a asibitin koyarwa na Ikeja, tana kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta tun 2013. Ko'ina kika je, tambayar farko ita ce: yaushe, sau nawa?

Mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a 2022. A 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa, bayan har 'ya'yanta sun ba da shaida. An ji shaidar, amma bayan ta mutu.

Saboda haka fasto da dattawa da shugabannin zumuntar mata, idan 'yar'uwa ta kawo kuka, kada a tsaya ga "ki yi haƙuri". A rubuta ranar da ta zo da abin da aka gani a jikinta, a kulle, kada mijin ya ji ta bakinku. Idan ta yarda, a sa wata ta raka ta asibiti.