Man Lavender da Karen da ke Tsoron Mota

Tambaya: Karena yana haushi da karkarwa duk sanda muka sa shi a mota. An ce in shafa masa man lavender. Gaskiya ne yana magani?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kada ka shafa masa. A 2006 Deborah Wells ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta gwada karnuka 32 masu rashin natsuwa a mota. Da aka sa ƙamshin lavender a motar, sun fi zama da kwanciya, haushin ma ya ragu. Shaƙa kawai suka yi. A Jami'ar Kagoshima ta Japan kuwa, a 2018, sinadarin linalool da ke cikin man ya rage wa ɓeraye fargaba, amma bai yi komai ga waɗanda aka hana jin ƙamshi ba.

Ka ɗiga kaɗan a tsumma, ka rataye inda bakin karen ba zai kai ba, ka bar iska tana shiga. In kana da kyanwa, ka nesanta ta da man, domin hantarta ba ta iya narkar da irin waɗannan mayuka. Idan firgitar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ka kai karen wurin likitan dabbobi.