Kakanmu Baƙo Ne a Diggi, Ina Zan Samo Asalinsa?

TAMBAYA: Ni mutumin Diggi ne, a Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi. A gidanmu ana cewa kakan mahaifina baƙo ne, ya zo ne farkon zuwan Turawa. Wasu su ce daga ƙasar Faransa ya gudo, wasu su ce fatauci ya kawo shi. Na ji an ce akwai takardun Turawa a Kaduna. In na je zan ga sunansa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, kada ka hau motar Kaduna tukuna. Bature bai rubuta takarda don jikokin talaka su san asalinsu ba, ya rubuta ne don ya san wa ke sarauta da nawa za a tara na haraji da jangali. Saboda haka sunan hakimi da dagaci ya cika fayil, na manomi ko falke kuwa sai an yi dace. Abin da takardun za su ba ka shi ne labarin gari da zamani, kai kuma ka je da sunan mutum a aljihunka.

Sunan nan a gida yake, kuma mafi yawa a bakin tsofaffin mata. Ka zauna da gwaggonninka ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su, don in babba ta yi magana ƙarama ba za ta musa ba. Ka kunna waya ka ɗauki murya. Za ka ga tsohuwa ta ƙi faɗin sunan suruki ko na miji saboda kunya, ta ce "mai gidan nan" ko "Malam babba". Kada ka matsa mata, ka nemi laƙabinsa, tunda Muhammadu da Abubakar sun yi yawa a ƙasar Gwandu. Ka tambayi irin tsagen fuskarsa, da harshen da yake yi in ransa ya ɓaci, da kirarin da maroƙa ke yi wa gidanku ranar biki. Sannan ka roƙa a buɗe tsohuwar adaka. Malaman zamanin da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi, wani lokaci kuma a tarar da rasiɗin haraji a naɗe cikin tsumma.

"Farkon zuwan Turawa" ba shekara ba ce, sai ka ɗaure ta da wani abu sananne. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yaƙin Satiru 1906 ne, shekarar da aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, fadar kuma ta zauna a Birnin Kebbi. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, annoba ta biyo baya a 1918. In tsohuwa ta ce ya zo da yunwa, ka riga ka rage aikinka da rabi.

Zancen gudowa daga ƙasar Faransa, wato yankin da Faransawa ke mulka a lokacin, ba abin rainawa ba ne. Zabarmawa da Arawa da dama sun ƙetaro daga yankin Doso da Gaya don guje wa aikin tilas da ɗibar soja, jami'an Ingila kuwa sukan lura da irin wannan ƙaura, saboda kowane baƙo ƙarin haraji ne.

To, yanzu ka iya tafiya Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa. Ka nemi fayilolin Lardin Sakkwato, waɗanda ake wa laƙabi da SOKPROF, musamman rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. A ciki ake bayyana ƙauyuka, da ƙabilun da ke zaune, da sana'o'insu, da abin da dattawa suka faɗa kan kafuwar gari. Ka tuna Turawa "Gando" suke rubuta Gwandu, kuma iyakokin gundumomi sun sha canzawa, don haka ka duba maƙwabta ma. Kundin lardin da E. J. Arnett ya wallafa a 1920 zai taimaka. Ka leƙa Gidan Arewa tunda kana garin, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

A ganina, inda ka fi sa ran ganin sunan talaka shi ne kundin alƙali, wajen rabon gado da shari'ar gona, domin a nan ake jera magada da sunayensu. Da Larabci aka rubuta mafi yawa, sai ka tafi da malami. Ka fara tambaya a fadar hakiminku da masarautar Gwandu.

Abu ɗaya zan gaya maka tun yanzu. A irin waɗannan kundaye ake rubuta fansar bayi, kuma wasu da aka kira baƙi a wancan zamani mutane ne da suka bar iyayen gijinsu suka nemi sabon wuri. In ka tarar da haka, ka fara kai wa dattawan gidanku kafin ka watsa a dandalin zumunta na iyali.