Darasi: Noman Kankana a Ƙasar Sanyi

'Yan'uwa, kankana shuka ce mai son zafi. Asalinta daga Afirka ne, ta kuma saba da rana mai ƙuna da ƙasa mai yashi. Amma Jos da kewayenta suna bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda sanyin dare a Disamba da Janairu yakan kai digiri 10. Manomin da ya shuka kankana a irin wannan wuri ba tare da lura ba, zai yi asarar iri, da taki, da wahalarsa. Darasinmu shi ne: wanda ba shi da zafi mai yawa, sai ya yi tattalin ɗan abin da yake da shi.

Da farko, lokaci. Irin kankana yana tsiro da kyau idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30. In ya gaza 15, sai ya ruɓe a rami. Haka kuma yawan ruwan Yuli da Agusta yakan kawo cutar fumfuna a ganye. Saboda haka a yi shuka a Fabrairu, sa'ad da hunturu ya fara janyewa, a yi ban ruwa daga rafi ko kududdufan da haƙar kuza ta bari, domin a girbe kafin damina ta kankama.

Na biyu, iri. A zaɓi mai saurin nuna, kamar Sugar Baby, wanda yake isa girbi cikin kwana 80 ko kusa da haka. A rene shi cikin 'yan ledoji a wuri mai ɗumi har mako 3, sa'an nan a dasa shi da ƙasarsa, gama saiwarsa ba ta son taɓawa.

Na uku, gona. A ja kunya mai tudu inda rana take wuni, a sa ruɓaɓɓen taki, a kafa zana ta gefen da iska take fitowa. Baƙar leda da aka shimfiɗa bisa kunya tana riƙe ɗumi. Kada a fesa magani da safe, gama lokacin ne ƙudan zuma suke kai garin fure daga namiji zuwa mace. A bar 'ya'ya 2 ko 3 kaɗai a kowane gindi.

Na ƙarshe, girbi. Kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an tsinke ta. A rage ruwa a makon ƙarshe, a jira alamu uku: siririn zaren nan mai murɗewa kusa da wuyanta ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya zama rawaya, in an ƙwanƙwasa ta kuma ta ba da amo mai nauyi. A yanke da wuƙa da sanyin safiya.

Sauri ya haifi nawa, 'yan'uwa. Ku jira ta nuna, iyalanku za su ci moriyar guminku.