Ɓawon Rogo a Abincin Kajin Buroila: A Tsima Shi Tukuna

Duk lokacin da masara ta yi tsada, masu kiwon kaji a Kawo, Mando da Unguwar Dosa na Kaduna sukan zo mini da tambaya ɗaya: ko ɓawon rogo zai iya maye gurbinta? Tambayar tana da hujja, domin masara ce fiye da rabin abincin buroila, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. Ɓawon da masu garin kwaki ke zubarwa ba kaɗan ba ne.

Amsata ita ce zai iya rage wa masara nauyi, amma ba ɗanye ba. Rogo, musamman mai ɗaci, yana fitar da gubar sayanaid, kuma a ɓawon ta fi taruwa. Furotin ɗin ɓawon kaɗan ne, ga yawan ƙaiƙayi da cikin kaza ba ya iya narkarwa sosai. Kazar da aka ɗura wa shi haka sai ka ga tana ci amma ba ta ƙiba, kashinta ya yi ruwa.

Tsimawa ce maganin gubar. A wanke ɓawon a fitar da ƙasa, a goge shi da injin gogar rogo, a zuba a buhu a danne da dutse ko jak na kwana biyu zuwa uku. Ruwan da ke tsiyaya yana tafiya da guba, tsamin kuma yana ƙara karya ta. Sai a tankaɗe a shanya ya bushe, a ba kaji mai laushin, mai kaushin a bar wa awaki da shanu. Irin wannan hanya ta gogewa da matsewa ce cibiyoyin bincike na ILRI da IITA suka inganta a Ibadan, har busarwar ta koma aikin wuni ɗaya.

Wajen busarwar ne mutanenmu ke yin sakaci. Da hunturu ba matsala, amma a watan Agusta na Kaduna, ɓawon da bai bushe ƙayau ba fumfuna yake yi, kuma gubar fumfuna ita ma tana da illa. In ka ji warin ruɓa maimakon tsami, zubar da shi.

Kada a ba 'yan tsaki. A jira su kai mako huɗu, sannan a maye kamar kashi ɗaya cikin biyar na masarar, ba na dukan abincin ba. A ƙara waken suya ko ƙuli-ƙuli don cike giɓin furotin, da ɗan manja don ƙarfi da rage ƙura, da sinadarin mesiyonin, wanda jikin kaza ke amfani da shi wajen kawar da ragowar sayanaid. A ware kaji kaɗan a fara gwadawa, ana auna su a sikeli duk mako, kafin a sauya abincin garken gaba ɗaya.